Gidan Rumfa: Fadar da Ta Girmi Daular Sinnar

Yaranmu da aka haifa a Rusairis da ƙauyukan bakin kogi, in ka tambaye su ina gidan mulki, Damazin za su nuna maka, can ƙetaren ruwa. Ba laifinsu ba ne. Sai dai Damazin jaririn gari ne, aikin madatsar ruwan da aka gama a 1966 ne ya raya shi. A Kano kuwa, inda kakannin wasunmu suka baro, akwai gidan da sarakuna ke zaune a cikinsa tun kafin a kafa daular Sinnar a 1504.

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina shi, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Ka ga ke nan mu 'yan kasuwa muna da rabo a labarin. Filin gidan ya kai eka 33, kewaye da doguwar katanga. Gari ne a cikin gari: ga sorayen zaman fada, ga sassan iyali, ga bargar dawaki.

Da me aka gina shi? Da ƙasa. Magini kan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali, rana ta busar. Rufin kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta iya ci. To amma azara gajera ce, ba ta haye babban soro. Sai magina suka yi dabara: a dasa azara cikin bango, a ɗaura wata a kanta tana ɗan leƙowa, hawa-hawa, har na hagu da na dama su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Shi ake kira bakan gizo. Daga waje a shafe da makuba, ta ɓawon ɗorawa, don kada ruwa ya ci bango. Ka shiga da tsakar rana ka ji sanyi kamar cikin randa.

Mulki ya sha sauya hannu, gidan bai tashi ba. Bayan jihadi sarakunan Fulani suka zauna a ciki, Sarki Abdullahi Maje Karofi ya gina Ƙofar Kudu. Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903. A shekarar ce aka yi yaƙin Burmi, Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, har suka sauka kusa da Sinnar. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamna ya zauna a Nasarawa. Da Sallah ana Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, kashegari sarki ya hau zuwa Gidan Gwamnati.

Yau siminti ya shiga sassa da yawa na gidan, masu iya ɗaurin bakan gizo kuma sai raguwa suke. Ginin ƙasa in ba a yi masa yaɓe kafin damina ba, zubewa yake.

Saboda haka, ɗan'uwa, duk ranar da fatauci ya kai ka Kano, ka ware yini guda. Ka riƙe hannun ɗanka ku tsaya a Ƙofar Kudu, ku leƙa Gidan Makama da ke kusa, wanda yanzu gidan tarihi ne. In tafiyar ba ta samu ba, a nemi tsohon magini a unguwa, a zaunar da yara gabansa tun yana da rai. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.