CERMES: Cibiyar da Ke Gane Rigar Sanƙarau

Mu mutanen Gaya ba sai mun duba kalanda muke sanin lokacin sanƙarau ba. Da hunturu ya fara janyewa, ƙura ta cika sama, hanci ya bushe, dare ya ƙi yin sanyi, sai ka ga uwa tana lanƙwasa wuyan ɗanta duk sanda ya ce kansa na ciwo. Ruwan farko na sauka, cutar ta lafa. Kakanninmu sun san haka tun kafin likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana yankin da take addaba a 1963, yankin da yau ya haɗa ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha. Abin da ya ɓuya musu shi ne cutar iri-iri ce, kuma a kan rarrabe ire-irenta wata cibiya a Yamai ta shafe fiye da shekara 40 tana aiki.

Sunanta CERMES. An kafa ta a 1978 a ƙarƙashin OCCGE, ƙungiyar yaƙi da manyan cututtuka ta ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Faransa. Sunanta na farko ma ya faɗi aikinta: cibiyar bincike kan sanƙarau da tsargiya. Dukansu biyu namu ne. Duk yaron da ya tashi yana wanka a Kwara ko yana taya babansa dashen shinkafa a fadama ya san fitsarin jini. A 2002 cibiyar ta koma hannun gwamnatin Nijar da sunan Centre de Recherche Médicale et Sanitaire, a 2003 kuma ta shiga jerin cibiyoyin Pasteur na duniya.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙwayar da ke tada annobar sanƙarau tana lulluɓe da wani ɓawo na sukari, kuma da wannan ɓawon garkuwar jiki ke shaida ta. Masana sun raba ta bisa ɓawon, suka ba kowane iri harafi: A, C, W, X, Y da sauransu. Jikin da aka koya wa kama A, idan C ta zo sai ya bar ta ta wuce, kamar ɗan sintirin da aka ce ya tare ɓarawo mai jar riga, ɓarawon kuwa ya zo da fara. Saboda haka kafin a sayo rigakafi dole a san harafin da ke yawo a bana.

Sanin yana farawa ne a ƙaramin ɗakin likita irin namu. Ana kwantar da yaro ta gefe, a haɗe gwiwarsa da ƙirjinsa, malamin asibiti ya shafa magani a ƙugunsa, ya sa allura tsakanin ƙasusuwan baya, ruwa ya riƙa ɗiga cikin ƴar kwalba. Na mai lafiya garai-garai yake. Na mai sanƙarau sau da yawa ya gurɓace. A rubuta shekarun yaro da garinsu, a sa kwalbar cikin sanyi, a bi da ita ta Dosso, tafiyar kusan kilomita 300 zuwa Yamai. A da, zafi da nisa kan kashe ƙwayar a hanya, ta isa ba a iya rainon ta a gane ta. Daga 2002 CERMES ta kama aiki da gwajin PCR, wanda ke karanta ƙwayar halittar cutar ko da ta mutu. Nan ne ƙauyukan nesa suka shiga lissafi. Daga baya, a zamanin shugabancin Suzanne Chanteau, cibiyar tare da Pasteur ta Paris suka ƙirƙiro wani ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa cikin ruwan bayan, ya nuna harafin cikin mintoci.

Amfanin ya fito fili a 2006, lokacin da annoba ta ɓarke a Yamai da kewaye. An saba da A, amma gwaji ya nuna X ce, irin da babu rigakafinsa a lokacin. Da an bi zato, da an kashe kuɗi a kan allurar da ba za ta tsare kowa ba.

Ita A ce ta daɗe tana kisa. A annobar 1996 zuwa 1997 mutum fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, fiye da 25,000 suka rasu. Tsohon rigakafin sukarin ɓawon ne zalla: ba ya kama jikin ƴan ƙasa da shekara 2 sosai, ƙarfinsa kan ragu bayan kamar shekara 3, kuma ba ya korar ƙwayar daga maƙogwaron masu ɗauke da ita ba su sani ba. Aikin haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH, wanda aka fara a 2001, ya samo mafita: a ɗaure sukarin da wani sinadari na rigakafin tetanus, sai jiki ya riƙe darasin ya daɗe. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa shi a kan ƙasa da rabin dala kowace allura. A ƙarshen 2010 aka fara ba ƴan shekara 1 zuwa 29 wannan rigakafi mai suna MenAfriVac a Nijar, Mali da Burkina Faso. A 2012 kuma, a Banikoara, can ƙetaren gadar Malanville a arewacin Benin, aka fara tabbatar da cewa yana jure zafin digiri 40 har kwana 4 ba ƙanƙara. Annobar A ta zama tarihi.

Sai dai murna ta koma ciki. A 2013 wata sabuwar C ta ɓulla a jihar Sakkwato, ta bazu zuwa Kebbi. Wanda ya san yadda muke ƙetarawa Kamba ta can cin kasuwa da biki da ta'aziyya ya san iyaka ba ta tare numfashi. A 2015 Nijar ta lissafa masu kamuwa wajen 8,500, da mamata 573. Gaya da Dogon Dutse suna cikin wuraren da abin ya taɓa, aka rufe makarantu a Yamai, rigakafi ya yi ƙaranci har na jabu ya shiga kasuwa. Kwalaben da suka isa CERMES ne suka tabbatar da cewa C ce. Irin wannan shaida da aka tara shekara da shekaru ta nuna ana buƙatar allura ɗaya mai tare A, C, W, Y da X, wadda Najeriya ta fara amfani da ita a Maris 2024.

Na sha jin dattijuwa a bakin ɗakin likita tana cewa, "Ɗana, kar ka bari su taɓa masa baya, gurguncewa zai yi." Tsoron yana da tushe, ba a manta da gwajin maganin Trovan a kan yaran Kano a 1996 ba. Amma allurar tana shiga ne ƙasa da inda lakar baya ta ƙare, kuma kurumcewa da shanyewar da muke gani aikin cutar ne idan an makara. Amsar da ta dace ita ce, "Iya, ki bari a ɗiba. Da shi za a san maganinsa, da shi kuma za a san allurar da za a kawo wa sauran jikokinki." Injinan Yamai ba su da abin karantawa sai abin da iyaye a Gaya suka yarda aka ɗiba.