Katsina United: Shin dattawan 'yan kallo sun cancanci rangwamen tikitin kaka?

Sau uku a jere, wato a 1995 da 1996 da kuma 1997, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Katsina United ta kai wasan ƙarshe na gasar Kofin Ƙalubale ta ƙasa, kuma sau ukun nan kofin yana suɓuce mata, da farko a hannun Shooting Stars ta Ibadan, sai Julius Berger ta Legas, sannan BCC Lions ta Gboko. Saurayin da yake da shekara 30 a wancan zamani, wanda ya riƙa bin ƙungiyar gari-gari da kuɗin aljihunsa, yau ya kai shekara 60 ko ma ya haura. Idan ma'aikacin gwamnati ne ya yi ritaya, idan kuwa ɗan kasuwa ne ko mai sana'ar hannu, to ƙarfi ya fara ja baya, samu ya ragu, ɗawainiyar iyali kuma tana nan daram. Shi ya ga lokacin da ƙungiyar ta dusashe har aka sauya mata suna zuwa Spotlight, ya ga an dawo mata da sunanta na asali a 2016 ta kuma hau babban rukuni, ya ga faɗuwarta a 2022 da sake hawanta a 2023. Abin tambaya a nan shi ne, me ƙungiyar ta tanadar wa irin wannan bawan Allah? Shin ya dace a yi masa rangwame a kuɗin shiga kallo na kakar wasa gaba ɗaya, ko kuwa ya ci gaba da turereniya da sa'o'in jikokinsa a bakin ƙofa?

Mai karatu zai iya cewa wannan magana ta masu ƙoshi ce, a jihar da ke fama da matsalar tsaro da tsadar abinci. Gaskiya ne ƙwallo ba ta gaban tuwo. Sai dai ƙungiyar nan da dukiyar jama'ar jiha ake ɗaukar nauyinta, filin da take wasa a ciki ma da dukiyar jama'a aka gina shi, don haka batun wanda yake shiga da wanda aka bari a waje ya shafi kowa, har da wanda bai taɓa taka ƙafa a filin ba.

Kafin mu dawo gida, yana da kyau mu leƙa Ingila, inda wannan muhawara ta yi zafi a 'yan shekarun nan, kuma inda yawancin matasanmu suka fi sanin sunayen 'yan wasa fiye da na ƙungiyar garinsu. A can an daɗe da al'adar tikitin kaka, wato mutum ya biya kuɗi sau ɗaya kafin a fara gasa, a ba shi kujera mai lamba wadda zai riƙa zama a kai a duk wasannin gida har kakar ta ƙare. An kuma daɗe ana rage wa yara da dattawa farashi, a wasu ƙungiyoyin har zuwa rabi. A watan Maris na 2024 ƙungiyar Tottenham ta sanar da cewa za ta daina sayar da sabon tikitin rangwame ga dattawa, za ta kuma riƙa zaftare rangwamen waɗanda suke da shi sannu a hankali. Magoya bayanta suka nuna fushinsu ta hanyar juya wa fili baya a minti na 65 na wasansu da Luton, domin 65 ita ce shekarar da ake fara samun rangwamen. A shekarar ce West Ham ta ɗauki mataki makamancin wannan, ta sha zanga-zanga, har ta janye a 2025. Ita kuwa Manchester United, a ƙarshen 2024 ta mayar da tikitin wasa ɗaya da ya rage ba a sayar ba zuwa fam 66 ga kowa, yaro da babba, ba tare da rangwame ba.

Dalilin waɗannan ƙungiyoyi ba ɓoyayye ba ne. Filayensu suna cika maƙil a kusan kowane wasa, akwai dubban mutane a layin jiran kujera, kuma baƙo ɗan yawon buɗe ido a shirye yake ya biya ninkin abin da tsohon ɗan unguwa yake biya. Saboda haka duk kujerar da aka bai wa dattijo a rabin farashi, a lissafinsu an yi asarar ɗaya rabin. Wasu kuma suna ƙarawa da cewa dattijon Ingila yana da fansho mai zuwa a kan kari, sau da yawa yana da gidan kansa, alhali matashi na fama da haya, to don me za a ɗora wa matashin nauyin rangwamen wanda ya fi shi hali?

Idan muka ɗauko waɗannan hujjoji biyu muka auna su da ma'aunin Katsina, sai mu ga ba ko ɗaya da ta tsaya da ƙafarta. Filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda a da ake kira Karkanda, an fara gininsa a farkon shekarun 1990, ya daɗe a yashe, aka kammala shi a zamanin Gwamna Ibrahim Shehu Shema, sannan gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa masa sunan marigayi Sarki Dikko a 2016. An gina shi ne don ya ɗauki mutum 35,000. In ban da ranar babban wasa, kamar idan Kano Pillars ta zo, duk mai zuwa kallo ya san kujeru nawa ne ke wuni babu kowa a kansu. Kujerar da babu mai zama a kanta ba ta kawo ko kwabo. Idan dattijo ya zauna a kanta ya biya rabi, ƙungiya ta samu rabin da a da ba ta da shi.

Hujja ta biyu ma haka take. A dokar aikin gwamnati ma'aikaci yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma kowa ya san yadda 'yan fansho a ƙasar nan suke jiran garatuti, da yadda ɗan abin da ake ba su a wata ya zama ba ya kai ko'ina tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Wannan ma ga wanda ya yi aikin gwamnati ke nan. Mafi yawan dattawanmu manoma ne da 'yan tireda da teloli da direbobi da magina, waɗanda ba su da wani fansho sai abin da 'ya'ya suka miƙo. Bugu da ƙari, dattijon Bahaushe ba ya gama ɗawainiya don ya tsufa, akwai auren 'ya'ya, akwai kuɗin makarantar ƙanana, ga marayun 'yan uwa da aka bar masa. Idan aka zo rage kashe kuɗi, kallon ƙwallo ne farkon abin da zai ajiye.

To amma fa akwai wani hanzari ba gudu ba. Ba a yin rangwame a kan abin da babu shi. Tikitin kaka bai zama al'ada ba a gasar Firimiyar Nijeriya, abin da aka saba shi ne a sayi tikiti a bakin ƙofa ranar wasa, wani ya shiga da sanayya, wani ya bi bayan babban mutum, wani lokacin kuma wani mai riƙe da muƙami ya sa a buɗe ƙofa kyauta don neman suna. A irin wannan yanayi ƙungiya ba ta san yawan magoya bayanta ba, ba ta san sunayensu ba, ba ta kuma iya ƙiyasta abin da zai shigo mata a wata mai zuwa, shi ya sa kullum idonta yana kan baitulmalin jiha. Ashe ke nan aikin farko shi ne a samar da tikitin kakar kansa. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowace tana da wasa 19 a gida. Mu ɗauka, alal misali kawai, ana shiga wasa ɗaya a kan Naira 500, jimillar kaka ta zama Naira 9,500. Idan aka sayar da tikitin kaka a kan Naira 8,000, na dattawa kuma Naira 4,000, to dattawa 1,000 kaɗai za su zuba Naira miliyan 4 a asusun ƙungiya tun kafin a busa usur na farko. Kuɗin ba za su biya albashin 'yan wasa ba, amma kuɗi ne da suka shigo da rasit, ba su bi ta aljihun kowa ba.

A nawa ganin, dattawa su ne suka fi dacewa a fara gwada wannan tsari da su, domin su ne masu zuwa ko ana ci ko ba a ci, kuma su ne ba za su tsallake katanga ba. Kuma amfaninsu a fili ya wuce kuɗin da za su biya. Babban ciwon da ke damun ƙwallon Arewa shi ne rikicin 'yan kallo. A watan Afrilun 2022 an tashi wasan Kano Pillars da Katsina United a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano ba a kammala ba, aka farfasa motar 'yan wasan Katsina, hukumar gasar ta ci Pillars tara ta kuma zaftare mata maki uku, a ƙarshen kakar kuma ƙungiyoyin biyu suka faɗa ƙaramin rukuni tare. Ita ma Katsina United an hukunta ta fiye da sau ɗaya saboda abin da wasu 'yan kallo suka aikata a gida. Duk ranar da aka rufe fili ko aka kori ƙungiya zuwa wani gari, kuɗin ƙofa sun tafi, mai sayar da ruwa da mai rake da ɗan acaba duk sun yi asara. Ba ina cewa furfura za ta maye gurbin 'yan sanda ba ne. Amma a garin da ake yi wa kirari da kunya, yaron da ya ɗauki dutse zai jefi alƙalin wasa zai yi tunani sau biyu idan ya san aminin mahaifinsa ko limamin unguwarsu yana zaune yana kallonsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Dattawa sun ƙaurace wa fili saboda rashin ɗa'a, rashin ɗa'ar kuma ta ƙaru saboda ƙauracewarsu, dole ne a samu wanda zai fara warware wannan ƙulli.

Wannan ya kawo mu ga gaskiyar da masu neman rangwame ba su cika faɗa ba, wato farashi ba shi kaɗai ne ke hana dattijo zuwa ba. Akan fara wasa ne da misalin ƙarfe 4 na yamma, mai son wuri kuma sai ya zo da wuri ya zauna cikin rana, ga lokacin sallar La'asar ya ratsa, ga cunkoso a ƙofa, ga hayaƙin abin da wasu ke busawa, ga ashar da mai mutunci ba zai so ya ji a gaban ɗansa ba. Ko kyauta aka ce ya shigo a haka, mai shekara 65 da ciwon gwiwa zai gwammace ya saurari sakamako a rediyo. Don haka tikitin dattawa ya zo da ƙofarsa ta daban, da sashe mai inuwa wanda ba sai an hau matakala da yawa ba, da kujera mai lamba, da wurin alwala da salla da ban-ɗaki mai tsabta. A kuma ware gefe ga iyaye mata masu sha'awa. A kusa da dattawan ne ya kamata a riƙa zaunar da yara ƙanana, a bar kowane mai tikiti ya shigo da jika ɗaya, domin ta haka ne ake gadon son ƙungiya. In ba haka ba, yaron da ya tashi a gidan kallo yana kuka don an ci Arsenal ba zai san akwai wata Katsina United ba.

Akwai masu cewa ai matashin da ba shi da aiki ya fi wani dattijon talauci, kuma akwai attajirai masu furfura da ba su buƙatar rangwamen kowa. Maganarsu tana kan hanya. Amsar ita ce a taƙaita rangwamen ga kujerun gama-gari, wanda yake son rumfar manyan baƙi ya biya cikakken farashi komai shekarunsa, sannan idan tsarin ya kankama a duba ɗalibai da masu buƙata ta musamman. Akwai kuma masu tsoron maguɗin shekaru, abin da ƙwallon ƙasar nan ta yi suna a kai, sai dai a wannan karon ƙari za a yi ba ragi ba. Wannan ma da sauƙi, tunda lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN tana ɗauke da ranar haihuwa, sai a buga katin da hoton mai shi don kada ya koma hannun ɗa ko ƙane. Game da shekarun farawa, dokar da ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018, ta ɗauki shekara 70, amma a ƙasar da kaɗan ne ke kai wannan shekaru da ƙarfin zuwa fili, 60 ta fi dacewa, tunda ita ce shekarar ritaya.

Me ya sa ba za a ce su shiga kyauta gaba ɗaya ba? Saboda abin da aka ba mutum kyauta ana iya janye shi ranar da aka ga dama, kuma mai shiga kyauta ba ya da bakin magana. Wanda ya biya, ko da rabi ne, yana da haƙƙin ya tambayi ina kujerarsa, yana da haƙƙin ya tambayi ina kuɗin ƙofa suka shiga. Rajistar masu tikitin kaka ita ce za ta iya zama harsashin ƙungiyar magoya baya mai mambobi na haƙiƙa, wadda za ta zauna da hukumar gudanarwa a kan teburi ɗaya.

Katsina ba baƙuwa ba ce wajen ganin manya a fagen wasa. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa wasan folo a garin, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi fice a wasan har sunansa ya kai ƙasashen waje. Bai kamata filin da ke ɗauke da sunan Dikko ya zama wurin da dattijo ke jin nauyin a gan shi ba. Kira a nan shi ne ga hukumar gudanarwar Katsina United da ma'aikatar wasanni ta jiha, da su zauna da shugabannin magoya baya tun kafin kaka mai zuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya, su fitar da farashi, su buɗe rajista, su kuma riƙa bayyana wa jama'a abin da aka tara. Waɗanda suka raka ƙungiyar nan wasan ƙarshe sau uku suka dawo hannu rabbana, ba su kuma juya mata baya ba, sun cancanci kujera a inuwa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.