Jim Abbott, Mai Jifa da Cafka da Hannu Ɗaya

A wasan besbol, wanda Amurkawa ke ji da shi kamar yadda muke ji da tamaula, aikin mai jifa bai ƙare da sakin ƙwallo ba. Tsakaninsa da mai riƙe da kulki mita 18 ne da 'yan kai, kuma ƙwallon da ya jefa tana iya dawo masa kamar harsashi. Shi ya sa kowane majefi ke jifa da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana cikin safar fata yana jiran cafka.

Jim Abbott hannu ɗaya gare shi. An haife shi a garin Flint na jihar Michigan a 1967, hannunsa na dama dungu ne, ba tafi ba yatsu. Tun yana yaro yake jifan bango da ƙwallo yana cafkewa, har ya goge a wata dabara: yakan ɗora safar a kan dungun, ya yi jifa da hagu, kafin ƙwallo ta isa wurin mai kulki ya riga ya zura hagun cikin safar. In ya cafke, sai ya matse safar tsakanin dungun da ƙirjinsa, ya zare hannu, ya ciro ƙwallon, ya jefa wa abokin wasansa. Wanda ya kalli bidiyonsa sau ɗaya sai ya maido shi baya, don ido ba ya kama lokacin da safar ta sauya wuri.

Abokan karawa kuwa ba su ji tausayinsa ba, kuma ban ga laifinsu ba, nema suke yi. Sukan tare ƙwallon da kulki maimakon su maka ta, ta gangaro a hankali gabansa, don su tilasta masa wannan musayar cikin gaggawa. Dabarar ba ta hana shi zuwa Jami'ar Michigan ba, ba ta hana shi jagorantar Amurka ta doke Japan a wasan ƙarshe na Olamfik a Seoul a 1988 ba. A 1989 ya shiga babbar gasa kai tsaye da ƙungiyar California Angels, bai bi ta ƙananan gasa ba.

Abin mamakin yana cikin lissafi. Amurkawa suna rubuta duk ƙwallon da ta zo hannun ɗan wasa, da duk kuskuren da ya yi. A cikin kowace dama 1,000, Abbott ya kammala 976 ba tangarɗa. Wani majefi, Greg Maddux, wanda ya ci kyautar Gold Glove ta gwanin cafka sau 18, fiye da kowa a tarihin wasan, 970 yake da shi. Jim Kaat mai kyautar sau 16 ya tsaya a 947. Abbott bai taɓa cin ta ko sau ɗaya ba.

Ba zan ce ya fi Maddux ba. Wannan lissafi yana ƙirga ƙwallon da mutum ya kai gare ta ne kawai, wadda ta wuce shi bai taɓa ba ba ta shiga ciki. Maddux ya yi shekara 23 yana damƙo ƙwallayen da wasu ba sa ko kusantarsu, Abbott kuwa kaka goma ya buga. Amma abin da aka yi zaton zai kayar da shi ai kuskure ne wajen musayar safa, kuma kuskuren ne lissafin ya nuna ya yi ƙaranci.

Ranar 4 ga Satumba 1993, yana sanye da rigar New York Yankees, ya kai zagaye na tara, wato na ƙarshe, ba ɗan ƙungiyar Cleveland ko ɗaya da ya samu bugu mai kyau a kansa. Sai Kenny Lofton, sarkin gudu, ya gwada tsohuwar dabarar nan ta tare ƙwallo. Ta fita layi, 'yan kallo suka yi masa ihu. Aka fitar da shi, aka fitar da biyun da suka biyo shi, wasa ya tashi 4 da 0.