Bulon sitiyarin jirgin ruwa: a karanta lambar kansa kafin a saya

A kogin Isa, daga Ayoru zuwa Gaya, yawancin jiragen ruwa masu inji da hannu ake tuƙa su, wasu kuma suna da sitiyari irin na mota. A waɗannan, sandar ƙarfe ce ke haɗa wayar sitiyari da inji, kuma bulon ɗaya ne ke riƙe ta a jikin injin. Idan ya fita ko ya karye ana cikin gudu, inji zai juya gefe, jirgi ya karkace, har ya iya kifewa da mutane.

Wanda ya je kasuwar Katako a Yamai neman madadinsa, ya fara duba lambar da ke kan bulon. Mai 4.6 ƙarfe ne mai laushi, bai dace da wannan aiki ba. Mai 8.8 ya ninka shi ƙarfi. Bulon M10 mai lamba 8.8 sai an ja shi da nauyin da ya haura tan 4 kafin ya tsinke, M8 kuwa kusan tan 3. Wanda ba shi da lamba, a bar wa mai shago kayansa.

Ruwa na cin ƙarfe, shi ya sa aka fi son inokis, wanda ake rubuta wa A2-70 ko A4-80. A2 ya wadatar a kogi, A4 ya fi jure ruwan gishiri. Ƙyalli ba shaidar ƙarfi ba ne: A2-70 bai kai 8.8 ba. A shafa masa giris kafin ɗauri, domin inokis kan cije, ya kuma ci alminiyon da ya taɓa.

Sai girma da haƙora. M8 na da tazarar milimita 1,25 tsakanin haƙora, M10 kuma 1,5. Wasu injuna, musamman ƙirar Amurka, da inci ake auna nasu. Bulon 3/8 kaurinsa milimita 9,5 ne, ido ba ya raba shi da M10, amma haƙoransu ba ɗaya ba ne. A murza shi da hannu tukuna. In ya ƙi shiga, kada a tilasta masa da kile, haƙoran ramin za a cinye. Idan ramin alminiyo ne, bulon ya shige da tsawon da ya ninka kaurinsa, wato milimita 20 ga M10.

Ekuru ma ba kowane ba. Girgizar inji na kwance ekuru na gama-gari sannu a hankali. Ana sa mai zoben roba a ciki, wanda kanikawa ke kira nilistop, ko mai gupi. Littafin injin Mercury ya yi gargaɗi ƙarara kan musanya shi da na gama-gari. In an kwance nilistop, gara a sa sabo, kuma haƙora biyu aƙalla su fito bayan ekuru.

Kafin ambaliyar Agusta da Satumba, da cikar kogi ta Disamba zuwa Fabrairu, mai jirgi ya riƙe inji ya girgiza sandar. In ya ji tana kaɗawa, ko ya ga tsatsa a wuyan bulon, kada ya ɗauki fasinja sai ya sauya shi.