Charley Pride: Muryar da Ta Riga Fuska Isa Ga Jama'a

Kiɗan kantiri, wato salon waƙoƙin mutanen karkarar kudancin Amurka da ake rerawa da jita da goge a kan talauci da soyayya da kewar gida, ya daɗe ana ɗaukarsa a matsayin gadon fararen fata, duk da cewa banjo, ɗaya daga cikin tsofaffin kayan kiɗansa, ya samo asali ne daga bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. A cikin wannan yanayi Charley Pride ya zama baƙar fata na farko da ya kai ƙololuwar wannan fage, kuma rediyo ita ce ta koya masa waƙar, ita ce kuma ta buɗe masa ƙofa.

An haife shi a ranar 18 ga Maris, 1934, a garin Sledge na jihar Misisipi, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya goma sha ɗaya na wani manomin auduga mai noman kashi-mu-raba, wato tsarin da manomi ke noma gonar wani a raba amfanin, wanda sau da yawa yakan bar shi cikin bashi. Mahaifinsa ya kasance mai sauraron Grand Ole Opry, shirin waƙoƙin da ake watsawa daga birnin Nashville kowane daren Asabar, kuma daga nan yaron ya haddace salon, har ya samu jitarsa ta farko yana da shekara 14, ya koya wa kansa kaɗawa.

Sai dai burinsa na fari shi ne wasan besbol, wanda ake buga ƙwallo da sanda, domin a wancan zamani wasan ya fi waƙa alamar hanyar tsira daga gonar auduga. Ya yi wasa a ƙungiyar Memphis Red Sox ta gasar baƙaƙen fata, ya yi aikin soja, sannan a 1960 ya koma jihar Montana, inda yake aiki a masana'antar narka dalma ta East Helena yana kuma buga wa ƙungiyarta wasa. A can ne aka fara biyansa domin ya yi waƙa kafin a soma wasa, daga bisani wasu mawaƙa biyu, Red Foley da Red Sovine, suka ji muryarsa suka ba shi shawarar ya nufi Nashville.

Chet Atkins na kamfanin RCA ya ɗauke shi, aka fitar da faifansa na farko a 1966, amma saboda wariyar launin fata tana da ƙarfi a lokacin, an riƙa aika faya-fayensa zuwa gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba, ta yadda masu sauraro suka so muryar tun kafin su san mai ita. Sakamakon wannan dabara ya bayyana a birnin Detroit a shekarar, lokacin da dubban mutanen da suka tarbi sunansa da tafi suka yi tsit da ganinsa, sai da ya yi musu raha a kan launinsa ya fara waƙa kafin zauren ya sake ɗaukar sowa.

A 1967 ya hau dandalin Grand Ole Opry, a 1971 kuma ƙungiyar mawaƙan kantiri ta ba shi lambarta mafi girma ta gwarzon shekara. Ya rasu a Dallas a ranar 12 ga Disamba, 2020, bayan ya shafe shekaru 27 a matsayin cikakken ɗan shirin da ya fara ji daga akwatin rediyon mahaifinsa.