Ɗigon ƙofar gida bai wadatar ba

Iyaye da yawa suna ɗauka cewa da zarar masu ɗigon shan-inna sun zo ƙofar gida, shi ke nan an gama wa yaro rigakafi. Alhali ɗigon nan cuta ɗaya tak yake tarewa. Sauran kariyar tana asibitin unguwa, sai uwa ta goya ɗanta ta je da katinsa: allurar tarin fuka da zarar an haihu, wadda ke barin ɗan tabo a damtse, sai Penta a mako 6, 10 da 14, mai kare yaro daga cututtuka biyar ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa, sannan ta ƙyanda a wata 9 da wata 15. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ya fi kama yaran da ba su samu waɗannan allurai ba.

Masu ɗari-ɗari ba su rasa dalili ba. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yaran Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar miki a zukata, kuma bai kamata a raina wannan tsoro ba. Sai dai wancan magani ne da ake gwadawa, waɗannan kuwa an shafe shekaru ana yi wa yara su a faɗin duniya, har da Saudiyya. Da Kano ta dakatar da ɗigon a 2003, shan-inna ta bazu har Indonesiya. Zazzaɓin da ke biyo bayan allura kuwa yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, ita kuwa ƙyanda tana iya makantar da yaro ko ta yi ajalinsa.