Hayar Shaguna a Wudil da Hukunce-hukuncenta a Fiƙihun Malikiyya

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, duk wanda ya san Wudil shekarun baya ya ga yadda shaguna suka jeru a gefen titin Kano zuwa Maiduguri. Kasuwar Juma'a da kararta ta shanu sun daɗe suna jawo fatake. Kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a 2001, wadda aka sanya wa sunan Aliko Dangote a 2022, da kasancewar Makarantar Horar da 'Yan Sanda a garin, sun ƙara buƙatar shaguna da ɗakunan ɗalibai. Masu hali suka koma zuba jari a gini, haya ta zama hanyar abinci, saɓani kuma ya biyo baya. Wannan maƙala za ta duba mas'aloli huɗu da suka fi kai mutane gaban alƙali.

Asalin Haya da Sharuɗɗanta

Haya sayar da amfani ce, ba sayar da gini ba. Malikawa kan kira hayar mutum ijara, hayar gida ko shago kuwa kira'i. Sharaɗi ne amfanin ya zama halal, kuɗin haya sananne, wa'adi ma sananne. Don haka bai halatta a ba da shago ga wanda aka san caca ko sayar da kayan maye zai yi a ciki ba.

Malamai sun raba hayar gida biyu. Idan aka ambaci wa'adi, kamar shekara ɗaya daga watan kaza, ciniki ya lizimci kowa. Mai shago ba shi da ikon ƙara kuɗi a tsakiyar wa'adi ko da kayan gini sun yi tsada, kuma mutuwar ɗayansu ko sayar da ginin ba sa rushe hayar. Idan kuwa aka ce kowane wata kaza, ba tare da iyaka ba, kowa na iya janyewa, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya.

Gobara da Rushewar Gini

Karɓar kuɗin shekara a gaba ya halatta. Amma ɗan haya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ƙetare iyaka. Idan shago ya ƙone ko ruwa ya rushe shi, hayar ta warware, a mayar masa da kuɗin watannin da suka rage, domin amfanin da ya saya ya gushe. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta nuna cewa wannan mas'ala ba ta cikin littafi kawai ba ce.

Kuɗin Sakin Shago

A manyan kasuwanni irin Kantin Kwari da Singa, matsayin shago kan fi ginin daraja, har ɗan haya ya nemi kuɗi kafin ya tashi. Malamai na kiran wannan badalul khuluwwi. Malamin Malikiyya na Masar, Nasiruddin al-Laƙƙani, ya yi fatawar halascinsa bisa al'ada. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na huɗu a Jidda a 1408 Hijira, daidai da 1988, ta yi bayani filla-filla. Idan mai gini ya karɓi dunƙulallen kuɗi a farko, ya halatta, a lissafa shi cikin kuɗin haya. Idan ɗan haya ya karɓi kuɗi don ya bar sauran wa'adinsa ga mai ginin, ko ga wani ɗan haya bisa sharuɗɗan yarjejeniya, shi ma ya halatta. Amma in wa'adi ya cika, ba shi da abin sayarwa, karɓar kuɗi a nan cin dukiyar mutane ne da ɓarna.

Jinginar Shago

Nan ne aka fi zamewa. Mutum kan ranci kuɗi ya ba da shagonsa jingina, mai bashi ya riƙa cin hayarsa har ranar biya, sannan ya karɓi kuɗinsa cif. A Malikiyya wannan rance ne da ya jawo amfani, wato riba. Mafita ita ce a bar wa mai shago kuɗin hayarsa, ko a raba ciniki biyu: ko dai rance don Allah, ko haya bayyananniya da farashinta na kasuwa.

Kammalawa

Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika alkawura, ayar bashi a Suratul Baƙara kuma ta yi umarni da rubutawa da kafa shaidu. Ya kamata kowace haya ta kasance a rubuce, da wa'adinta, da wanda gyara ya hau kansa, da la'adar dillali. Mai sayen fili ma ya tuna cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna, don haka ya tantance takardu kafin ya aza tubali. Nauyi ne a kan malamai su karantar da babin haya a masallatan kasuwa kamar yadda suke karantar da tsarki da salla. Allah ne Mafi sani.